Farin ganyen auduga da sirinji: me masana ke ɗura wa tsiron?



Makon da ya wuce wani ɗan uwa mai sauraronmu da ke ci-rani a waje ya turo mana hotuna biyu ta WhatsApp. A na farko, hannu ne sanye da safar roba yana danna sirinji a bayan ganyen wani ɗan tsiron auduga. A na biyu, irin wannan tsiro ne cikin ƴar tukunyar roba, ganyensa na sama fari fat kamar an shafa masa alli. Tare da hotunan akwai saƙon murya na wani mutum da ba mu san ko wane ne ba, yana ta rantsuwa wai Turawa ne ke ɗura wa auduga cuta don su kawo mana iri mai ciwo. Ɗan uwan namu ya ce: "Don Allah ku bincika mana, tsohona kaɗa yake nomawa a gida."

To, mun bincika. Hotunan na gaske ne, kuma lalle abin da ke cikin sirinjin yana ɗauke da ƙwayar cuta irin wadda likitoci ke kira birus. Inda mai saƙon muryar ya kauce shi ne wajen dalili. Wannan aiki da ake yi a ɗakunan bincike na Amurka da Sin da wasu ƙasashe, hanya ce ta yi wa auduga tambaya. A takardun masana za ku ga an taƙaita sunanta da haruffa huɗu, VIGS. Ma'anarsa a Hausa: rufe bakin ƙwayar gado ta hanyar amfani da birus. Ku biyo mu a hankali, don sai an tauna kafin a haɗiye.

Littafi mai shafi dubu saba'in

Jikin kowane tsiro, kamar na mutum da na dabba, an gina shi da ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani sai da madubin bincike. Cikin kowane ɗaki akwai littafin gado, wanda ake kira DNA, waɗanda suka yi lakkwal da Faransanci kuwa sun san shi da ADN. A littafin nan aka rubuta komai: tsawon zare, launin fure, jure ƙishirwa, ɗacin ganye. Kowane shafi da ke ɗauke da umarni guda shi ne ƙwayar gado.

Littafin ba ya fita daga ma'ajiyarsa. Idan ana bukatar aikin wani shafi, sai a kwafe shi a ƴar takarda, a aika wajen da ake ƙera abin da aka umarta. Wannan ƴar takardar aike ita ce RNA. Ku riƙe ta da kyau, don duk labarin a kanta yake.

Audugar da ta fi yawa a duniya, wadda ke ba da kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ake nomawa, an fitar da karatun littafinta a shekarar 2015. Aka tarar da shafuka sama da 70,000. Ɗan Adam da duk wayonsa wajen 20,000 gare shi. Dalilin wannan yawa, audugar ta gaji littafi biyu ne daga kakanni biyu, ɗaya dangin audugar Afirka da Asiya, ɗaya na nahiyar Amurka, don haka yawancin shafukan tagwaye ne.

Amma ganin shafi daban, sanin aikinsa daban. Mu nan gidan rediyo, idan sabon ma'aikaci ya zauna gaban teburin sauti mai maɓallai rututu, babu rubutu a kan ko ɗaya, abin da yake yi shi ne ya sauke maɓalli guda ya kasa kunne: muryar wa ta ɗauke? In ta mai gabatarwa ce, ya gane na makirfonsa ne. Haka masana ke yi. Su kashe muryar shafi guda, su zura ido su ga abin da ya canza a jikin tsiron.

Matsalar ita ce auduga tana da taurin kai. Tsohuwar hanyar, sai an yanki ɗan guntun tsiro, a canza masa littafi, a rene shi cikin kwalba har ya sake zama cikakken tsiro. A auduga wannan yakan ci wata takwas zuwa shekara, wani lokaci fiye, kuma ire-ire kaɗan ne ke yarda su tsiro ta haka. Wanda aka fi amfani da shi wani tsohon iri ne na Amurka mai suna Coker 312. Ku lissafa da kanku, shekara guda ga shafi guda, ga shafi dubu saba'in na jira.

Ƴan sintirin cikin ganye

Tsiro ba ya gudu, ba ya zuwa likita, amma Allah bai bar shi haka nan ba. Birus ba ta iya hayayyafa da kanta. Sai ta shiga ɗaki, ta sa masu aikin ɗakin su yi ta kwafe nata saƙon. To a wajen kwafewar nan saƙon nata yakan zama mai riɓi biyu, kamar igiya mai tufka biyu, alhali takardun aike na tsiron falle ɗaya ne. Da tsiron ya ga mai riɓi biyu, ya san baƙo ya shigo. Akwai wani almakashi a ɗakin da ke daddatsa shi gutsi-gutsi, kowane guntu mai haruffa 21 zuwa 24. Sai a rarraba wa ƴan sintiri guntayen, kamar a ba su ƙyallen rigar ɓarawo a ce duk wanda kuka gani da irin wannan yadi ku kama shi. Duk takardar da rubutunta ya dace da guntun da ke hannunsu, yayyaga ta suke yi. Guntayen kuma suna bin jijiyoyin tsiron su kai labari har sabon ganyen da bai buɗe ba.

Ga inda dabarar take. Masana sai su ɗauki ɗan yanki na shafin audugar da suke son sani, haruffa kamar 200 zuwa 500, su ɗinka shi cikin saƙon birus ɗin. Birus ta shiga, tsiro ya daddatsa ta har da yankin da aka ɗinka mata. Ƴan sintiri ba su san na gida ba, ba su san na waje ba, ƙyalle kawai suke bi. Sai su koma suna kama takardun aike na tsiron kansa. Shafin yana nan cikin littafi, ba a yage shi ba, amma duk saƙon da ya aika ba ya isa. An rufe masa baki ke nan.

Abin dariya, da kuskure aka fara gano wannan. A 1990 wasu masana a Amurka suka so ƙara wa wani furen ado mai suna fetuniya duhun launi, suka ƙara masa shafin da ke yin launin. Maimakon ya ƙara duhu, sai furanni da yawa suka fito farare ko rodi-rodi. A 1995 wasu suka sa birus ɗin taba ta ɗauki yankin shafi zuwa cikin wani dangin taba, ganye ya yi fari. A 1999 David Baulcombe da Andrew Hamilton, a garin Norwich na Ingila, suka gano ƙananan guntayen nan da muka ce ana ba ƴan sintiri. Su kuwa Andrew Fire da Craig Mello, da suka nuna yadda abin ke aiki a jikin wata ƴar tsutsa a 1998, sun samu kyautar Nobel a 2006.

Yadda ake yi wa auduga

Auduga ta shigo layi a makare. A 2008 masana a jami'ar jihar Karolina ta Arewa suka yi amfani da wata birus ta auduga da ke sa ganye ya yamutse. A 2011 kuma wasu a jami'ar Texas A&M suka nuna hanya mafi sauƙi da wata birus da ake kira TRV, wadda asalinta taba da dankalin turawa take kamawa. Wannan ta biyun ita ce ta hoton sirinji, kuma ita ta bazu.

Ana shuka angurya a ƙananan tukwane. Bayan kamar mako biyu, lokacin da ganyayen nan biyu na farko suka buɗe sosai, sai a zo da sirinji marar allura. Abin da ke ciki ruwa ne mai ɗauke da wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa, Agrobacterium, wadda halinta ne tun fil azal ta cusa nata rubutun cikin ɗakin tsiro. A daji ita ke sa wasu itatuwa su yi ƙullutu a gindi. Masana sun cire mata abin da ke kawo ƙullutun, sun mai da ita ƴar dako. Ita ke kai birus ɗin ciki. Ana ɗan tsaga bayan ganyen da tsinin allura, a dafa bakin sirinjin a wurin, a danna a hankali har ganyen ya jiƙe ta ciki ya yi duhu. Shi ke nan, sai jira.

To farin tsiron fa? Shi ne mai shaida. Cikin kowane gwaji ana ware ƴan tukwane a rufe musu bakin wani shafi da aka riga aka sani, mai suna CLA1, wanda sai da shi ganye ke yin kore. Bayan kamar mako biyu sabbin ganyayensu sai su fito farare. Da mai bincike ya ga haka, ya san aikin ya kama, kuma sauran tukwanen da aka rufe wa wani shafin daban su ma lokacinsu ya yi, ko da ido bai ga komai a jikinsu ba. Abin da da yake cin shekara, yanzu cikin wata guda an samu amsa, kuma ire-iren auduga da yawa suna karɓa, ba sai Coker ba.

Su mutanen Texas ɗin, tambayar da suka fara yi a kan wata cuta ce ta yaushi da ake kira Verticillium. Dangin funfuna ce da ke zaune cikin ƙasa, ta shiga ta saiwa ta toshe hanyoyin ruwa, tsiro ya yi yaushi ko da ƙasa na da danshi. Suka rufe bakin wasu shafuka biyu, suka sa wa tsiron cutar, sai ya fi sauran saurin faɗuwa. Ashe shafukan nan suna cikin masu tsaron gida. Tun daga nan masanan ƙasar Sin suka rungumi hanyar hannu biyu, don cutar tana damun gonakin yankin Shinjan, inda ake noma fiye da kashi 80 cikin 100 na audugar ƙasarsu. Sun yi ta gwada shafuka masu alaƙa da fari, da gishirin ƙasa, da ƙwari.

Baƙin ɗigon cikin angurya

Wanda ya fi shafar mu shi ne wannan. Duk wanda ya taɓa fasa angurya ya ga wasu ƙananan ɗige-ɗige baƙaƙe a cikin ƙwayar. In kuka duba ganye da kara da kyau, suna nan su ma. Ƴan jakunkuna ne cike da wani dafi mai suna gosifol. Shi ya sa makiyayi ke ba sa da rago angurya ko turto su yi ƙiba, amma ba a cika wa kaji da shi ba, mutum kuma ba ya cin ta. Babbar dabba mai tuƙa, tumbinta yana rage ƙarfin dafin. Kaza ba ta da wannan gata, haka ɗan maraƙi da ɗan tunkiyar da tumbinsu bai ƙosa ba. Wannan kam ku riƙe shi ko ba ruwanku da bincike.

Abin takaicin, duk kilo ɗaya na auduga da aka gurza yana zuwa da fiye da kilo ɗaya da rabi na angurya, kuma wajen kashi 23 cikin 100 na anguryar abinci ne mai gina jiki. Ga abinci, ga dafi a ciki.

A 2016 masana a jami'ar aikin gona ta Nanjing a ƙasar Sin suka bi diddigi har suka kai ga wani shafi da suke zargin shi ke ba da umarnin gina jakunkunan, suka sa masa suna GoPGF. Zargi kuwa ba hujja ba ne. Sai suka ɗinka yankinsa cikin birus, suka ɗura wa tsiro mai ɗigo. Sabbin ganyayen da suka fito, ɗigon ya ɓace ko ya ragu ƙwarai. Cikin makonni aka tabbatar da abin da ake nema.

Wani zai ce to ai sai a cire ɗigon kowa ya huta. An taɓa yi. Tun shekarun 1950 aka samo auduga marar ɗigo a Amurka, daga audugar da ƙabilar Hopi ke nomawa, kuma har a nan Afirka ta Yamma an noma irinta, musamman a Kodibuwa. Sai ƙwari suka ce gaba ta kai su, don dafin nan shi ne garkuwar tsiron. Abin da ake so ashe shi ne ganye ya riƙe dafinsa, ƙwaya kaɗai ta rabu da shi. Keerti Rathore na Texas A&M ya yi wannan a 2006, ya rufe bakin wani shafi a cikin ƙwaya kawai. Amma ku lura, shi ba da birus ya yi ba. Ta doguwar hanyar nan ya bi, ya canza littafin kansa yadda abin zai bi iri. Sai a 2018 ma'aikatar noma ta Amurka ta amince da audugar, hukumar abincinsu kuma a 2019. Shekara goma sha biyu da ɗoriya tsakanin ɗakin bincike da izini. Birus tana ba da amsa da sauri, samar da iri kuwa har gobe tafiyar raƙumi ce.

Hanyar ma tana da nata aibu. Ba ta rufe baki ruf, ragewa take yi, wani tsiro ya kama sosai wani sama-sama. Tana yin sanyi in tsiro ya girma, shi ya sa ta fi amfani ga tambayar ganye da saiwa, ta fi wuya ga tambayar zare, wanda sai can ƙarshe yake fitowa. Kuma tun da shafukan tagwaye ne, sau da yawa duka biyun take rufewa tare, mai bincike bai san wanne ne ya fi aiki ba.

Sai kuma zafi. Aikin ya fi kyau a ɗaki mai sanyi, wajen digiri 23 zuwa 25. Tun a gwajin 2008 aka ga zafi yana rage shi. Ku tuna watan Afrilu a Maraɗi ko Tawa, da digiri arba'in da wani abu a inuwa. A ganinmu nan ne cikas ɗin yake ga masu bincikenmu, irin na cibiyar INRAN da ke Tarna ko na jami'o'inmu. Sirinji da tukunyar roba ba su da tsada. Ɗakin da zai yi wata guda cikin sanyi, kuran bai ɗauke ba ko na yini ɗaya, shi ne mai tsada.

Alhali muna da tambayoyin da suka cancanci a yi. A daminar 2022 wasu ƙananan ƙwari masu tsotson ganye, waɗanda malaman gona ke kira jasid, sun yi wa audugar Kodibuwa da Mali da Burkina Faso mummunar ɓarna. Sannan akwai wata birus mai nannaɗe ganyen auduga da aka raɗa wa sunan yankin Jazira na Sudan, wadda farin ƙuda ke yaɗawa. Masana sun same ta a jikin kuɓewar Nijar, sun wallafa a 2009. Mai lambun da ya ga ganyen kuɓewarsa ya nannaɗe, jijiyoyin sun yi kauri, mai yiwuwa da ita yake fama. Wane shafi ne ke sa wani iri ya jure waɗannan, wani ya faɗi? Ɗakin binciken da ke Texas ko Nanjing ba lalle ne ya sa wannan a gaba ba, kowa ciwon gonarsa ya sani.

Mu koma ga tsoron ɗan uwanmu

Ko wannan ita ce audugar da aka yi ta rigima a kanta a Burkina Faso? A'a. Waccan, mai suna Bt, an ƙara mata shafi ne daga wata bakteriya don ta kashe tsutsa, kuma shafin yana bin iri. Burkina ta fara noma ta a 2008, ta daina a 2016 bayan kamfanonin auduga sun koka cewa zaren ya gajarce. Nijeriya kuwa ta amince da nata irin Bt a 2018. Wannan muhawara ce mai zaman kanta, kuma manomi yana da haƙƙin ya tambayi ko wane iri ake ba shi da inda ya fito. Tsiron da aka ɗura wa birus kuwa ba a yi shi don ya ba da iri ba, galibi ma rufe bakin ba ya wucewa zuwa ga ƴaƴa. Baban ɗan uwanmu, da duk mai noman kaɗa a Gaya ko Ƙonni ko Madawa, ba zai taɓa samun anguryar wannan tukunya a buhunsa ba.

Ko birus ɗin za ta iya tserewa ta shiga gonaki? Tambaya ce mai kyau, kuma masanan ma sun yi wa kansu ita. TRV a daji wasu ƙananan tsutsotsin ƙasa ne ke ɗaukar ta daga saiwa zuwa saiwa, to an cire mata shafukan da ke ba ta damar hawa tsutsar. Ita kuwa ta Karolina, farin ƙuda ne dokinta, sai aka cire mata rigar da ƙudan ke ɗaukar ta da ita, aka sa yankin shafin auduga a gurbin. Duk da haka ƙa'idar aikin ita ce a rufaffen ɗaki ake yin sa, ba a fili ba. Birus ɗin tsiro irin waɗannan kuma ba sa kama mutum ko dabba.

Shi kuwa farin tsiron da ke hoto na biyu, ba ya yin nisa. Ganyen da ba kore ba ya iya haɗa abinci daga hasken rana, don haka da abin da ganyayen farko ke ba shi ya ƙare, sai ya tsumbure. Idan an gama auna abin da za a auna, shi da sauran tukwanen, har da ƙasar da ke ciki, ana zuba su a jaka a sa cikin tukunyar tururi mai zafin digiri 121, irin wadda ake dafa kayan tiyata da ita a asibiti, kafin a zubar.